Yadda Mata Masu Ƙananan Sana'o'i Za Su Kafa Ƙungiya Mai Ɗorewa a Kaduna

Duk wanda ya bi layukan Tudun Wada ko Rigasa bayan sallar asuba zai ji ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli da awara yana tashi daga cikin gidaje, ya ga bokitai jere a bakin injin markaɗe, ya kuma yi kiciɓis da matan da suka yi sammako zuwa Bakin Dogo domin sarin kayan miya. Gidaje da yawa a garin nan da irin wannan sana'ar ake ɗora tukunya, musamman tun bayan da masaƙun Kakuri suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban magidanta suka dawo gida babu albashi. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su cikin tsarin aikin da ke da takardar ɗauka da fansho. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai isa hannun mai kitso ba, bai isa hannun mai wankau ba, balle dillaliya da ke yawo da ƙullin atamfa gida-gida.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin wata ƙungiyar mata masu man gyada da ƙuli-ƙuli a unguwarmu, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na ga ta yi aiki, tare da wuraren da muka yi tuntuɓe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ƙungiyar da aka kafa domin jiran tallafi takan watse da zarar tallafin ya zo, ko da zarar an tabbatar ba zai zo ba. Wadda ke tsayawa ita ce wadda aka gina da kuɗin mambobinta da littafin da kowace mace za ta iya neman a buɗe mata.

Aikin farko ba kiran taro ba ne, sauraro ne. Ki zaɓi sana'a ɗaya a unguwa ɗaya, ki shiga gida-gida ko rumfa-rumfa, ki zauna da mace a lokacin da take aikinta, ki tambaye ta abin da ke cinye mata riba. Kada ki je mata da amsa a baki. Mai ƙuli-ƙuli za ta ce miki gyadar da take saye tiya-tiya a hannun mai shago ita ke kashe ta. Mai ɗinki za ta ce wutar lantarki da masu karɓar kaya ba su biya ba. Mai abinci a bakin tasha za ta ce masu yankar tikiti ne da ke zuwa mata kashi-kashi a rana ɗaya. Idan kin ji magana ɗaya daga bakin mata goma waɗanda ba su haɗa baki ba, to kin samo abin da za a taru a kansa. A cikin wannan zagayen ne kuma za ki gane mata biyar ko bakwai da sauran ke jin maganarsu, waɗanda ba lallai su zama masu kuɗi ko masu boko ba. Sau da yawa uwar adashin layi ce, ko wadda ake kira idan haihuwa ta zo da dare.

Dalilin da ya sa nake nanata sana'a ɗaya shi ne, mun taɓa haɗa masu ƙuli-ƙuli da masu ɗinki da masu sayar da gwanjo a zama guda, sai kowane taro ya ƙare ba a yanke komai ba, domin abin da ya dami wannan bai dami waccan ba. Haɗuwar sana'o'i daban-daban tana da ranarta, amma sai kowane rukuni ya tsaya da ƙafarsa tukuna.

Kafin taron farko akwai ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa. Mata da yawa ba za su fito ba sai da yardar maigida, kuma ba dabara ba ce a mayar da wannan abin jayayya tun ranar farko. Dattijuwa biyu daga cikinku su je su gaida mai unguwa, su yi masa bayanin abin da ake nufi da kuma gidan da za a riƙa zama, domin idan magana ta fito ta bakinsa magidanta sun fi samun natsuwa. A zaɓi wurin da matan da ba su cika fita ba za su iya zuwa, kamar tsakar gidan ɗaya daga cikin mambobi ko ajin Islamiyya a lokacin da babu karatu, a kuma tsayar da lokacin da bai ci karo da sana'a ba. Mu tsakanin azahar da la'asar muka zaɓa, kuma muka yi alkawarin taro ba zai wuce awa ɗaya ba, saboda macen da ta bar kasko a wuta ba za ta dawo ba idan aka riƙe ta har magariba. A kasuwanni irin su Kasuwar Monday ta Kakuri ko ta Kawo, inda Musulma da Kirista ke zaune rumfa da rumfa, a kula kada ranar taro ta faɗa lokacin sallar Juma'a ko sujadar Lahadi, a kuma bar kowane ɓangare ya yi addu'a, ɗaya a buɗewa ɗaya a rufewa. Garinmu ya sha wahalar rabuwa tsakanin wannan gaɓar kogi da waccan tun rikicin shekarar 2000, kuma ƙungiyar sana'a tana cikin 'yan wuraren da matan Islamiyya da na Zumuntar Mata ke zama tabarma ɗaya.

A taron farko, a bar kowace mace ta faɗi sunanta da sana'arta da damuwarta guda ɗaya, sannan a zaɓi matsala ɗaya tak wadda za a iya ganin sauyinta cikin wata biyu ko uku. Kada a yi zaɓen shugabanni a ranar. A naɗa mata uku na riƙo, a ba su wata uku, a ga wadda ke zuwa da wuri da wadda ke iya yin shiru ta saurari wata.

Daga nan sai maganar kuɗi, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne ƙungiyoyin mata suka fi mutuwa. Kusan kowace mace a Kaduna ta san adashi: ana zubi, wata ta kwasa, a zagaya har kowa ta samu. Wannan sanin gado ne mai amfani, amma dole a bayyana tun farko cewa asusun ƙungiya daban yake da adashi. Kuɗin adashi na mutum ɗaya ne a kowane zagaye, yana shiga yana fita. Kuɗin ƙungiya kuwa yana zama ne ya taru, ya zama jarin da babu mace ɗaya da za ta ce nata ne. Idan ba a raba su ba, ranar da wata ta yi fushi za ta ce a ba ta zubinta ta tafi, wasu biyar su bi ta, asusu ya wayi gari babu komai. Shawarata ita ce a yi kaso uku: kuɗin mamba ɗan kaɗan wanda ba a mayarwa, domin sayen littafi da kuɗin mota da rajista, ajiyar kowace mace wadda ake rubutawa da sunanta kuma za ta iya cira bisa ƙa'ida, sai kuɗin taimakon juna na haihuwa da rashin lafiya da rasuwa.

A sa zubin daidai ƙarfin mafi ƙarancin hali a cikinku. Mata 20 da ke ajiye naira 500 kowane mako sun tara naira 10,000 a mako, cikin wata shida sun kai naira 260,000, kuma da wannan an iya shiga kasuwa a yi maganar buhu maimakon tiya. Wanda ya raina irin wannan ƙaramin zubin ya duba abin da ya faru a Ahmedabad ta ƙasar Indiya, wani garin masaƙu kamar namu, inda Ela Bhatt ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masu sana'ar kansu mai suna SEWA a 1972. A 1974 mata 4,000 daga cikinsu suka zuba rupi goma-goma na kuɗin Indiya suka buɗe bankin kansu, yawancinsu ba su iya ko sa hannu ba.

Kuɗi kada ya kwana a hannun mutum ɗaya. Wannan darasin da hawaye muka koye shi. Ma'ajinmu ta farko mace ce mai amana wadda babu wanda ya taɓa jin kanta da kowa, amma a ɗakinta kuɗin ke kwana cikin gwangwanin madara, sai ɗanta ya kwanta asibiti, ta ɗiba da niyyar mayarwa, ciniki kuma ya ƙi. Ranar da aka ce a kawo kuɗi a ƙirga, ta durƙusa a tsakar gida tana cewa, "Yaya, ku yafe mini, wallahi ban ci da niyya ba." Ta biya a hankali cikin wata takwas, amma mata shida sun bar mu a wannan tsakanin, kuma har yau ina ganin laifin namu ne da muka ɗora mata kayan da bai kamata a ɗora wa kowa ba. Tun daga ranar muka koma ƙirga kuɗi a gaban kowa, ana faɗin jimilla da ƙarfi, sakatariya ta rubuta a babban littafi, kowace mamba kuma a rubuta mata a ƙaramin katinta, wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa. Washegari mata biyu su kai banki su dawo da takardar shaida a liƙa a littafi. Da zarar an yi rajista, asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, da masu sa hannu uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu. Wannan yana buƙatar masu sa hannun su mallaki lambar NIN da BVN, don haka a fara neman su da wuri. Idan wata ta turo zubinta ta waya, ya shiga asusun ƙungiya kai tsaye, kada ya bi ta asusun shugaba ko na ɗan wata.

Bayan wata ukun riƙo sai a rubuta ƙa'idoji a yi zaɓe. Ƙa'idojin su kasance da Hausa, shafi biyu ya isa, a karanta su a bainar jama'a har sau biyu kafin a amince: wa zai iya zama mamba, nawa ne zubi, me za a yi wa wadda ta yi fashin mako uku, yaya ake fita, shekara nawa shugaba za ta yi. Ina ba da ƙarfi a kan cewa shugaba da ma'aji da sakatariya su kasance masu yin sana'ar da hannunsu. Za a samu wata Hajiya mai hali da son taimako, ko matar wani babba, a ce a ba ta shugabanci domin ta buɗe ƙofofi. A girmama ta, a kira ta uwar ƙungiya idan ana so, amma kada a ba ta sa hannu a asusu ko ƙuri'a, domin ranar da ra'ayinta ya saɓa da na masu kasko babu wadda za ta iya ɗaga ido ta musa mata. Idan babu mai rubutu a cikinku, 'yar wata mamba da ta gama sakandare ta riƙe biro, amma ita ma ba ta da ƙuri'a.

Rajista ba ita ce farko ba. A yi wata shida ana zubi da taro kafin a neme ta. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da wasu domin kare muradunsa, saboda haka zamanku halal ne tun kafin takarda. Amfanin takardar shi ne buɗe asusu da shiga ofis a saurare ku. Hanyar da ta fi dacewa da yawancin ƙananan ƙungiyoyi ita ce rajistar ƙungiyar gama kai, wadda dokar tarayya ta 1993 ta sa mutum 10 a matsayin mafi ƙarancin mambobinta, kuma ana fara ta ne daga jami'in gama kai na ƙaramar hukuma, wanda zai nemi ganin ƙa'idojinku da sunayen mambobi da rahoton tarukan da kuka yi. Akwai rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta fi tsada domin sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28, kuma ta fi dacewa da lokacin da ƙungiyoyi da yawa suka haɗu. Rajistar ƙungiyar ƙwadago kuwa tana buƙatar aƙalla mutum 50 da doguwar hanya, shi ya sa ya fi sauƙi a shiga inuwar wadda ke akwai. Masu ɗinki, alal misali, suna da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna kuma ta daɗe tana karɓar teloli masu zaman kansu. Kowace hanya aka bi, ku je da kanku ku biyu ko uku, ku karɓi rasit a kan duk abin da kuka biya.

Yanzu sai a koma ga matsalar nan guda ɗaya da aka zaɓa a taron farko. Mu sarin gyada muka sa a gaba. Mun tura mata biyu kasuwa da kaka, lokacin da sabuwar gyada ta shigo farashi ya sauka, suka sayo buhuna, aka auna a gaban kowa da tiya ɗaya, kowace mamba ta ɗauka a farashin da ya gaza na mai shago, aka ɗora ɗan abu kaɗan a kai ya koma asusu. A lissafin an sa kuɗin mota da na dako da na abincin waɗanda aka aika, domin matar da ta bar sana'arta ta yini a kasuwa saboda jama'a bai kamata ta yi asara ba. Wannan saye ɗaya ya kawo mana sababbin mambobi fiye da duk wani bayani da muka taɓa yi. Daga baya muka daidaita girman ƙulli da farashinsa a tsakaninmu, don kada wata ta karya wa wata kasuwa.

Idan matsalar ta shafi hukuma ce, kamar yawan masu karɓar kuɗi ko wurin zama a kasuwa, shiri ya fi zafin rai amfani. A yi mako biyu kowace mamba tana ajiye duk tikitin da aka yanka mata, ana rubuta rana da adadi da kuma wanda aka karɓa ba rasit. Tun 2016 dokar harajin jihar Kaduna ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar KADIRS, don haka kuna da damar tambayar kowane mai karɓa sunan harajin da rasit ɗinsa. Sai a rubuta takarda gajera mai buƙata ɗaya, a je mutum uku ko biyar, a fara da Sarkin Kasuwa da shugabar matan kasuwa kafin a wuce gaba. A tsara tun daga gida wadda za ta yi magana da wadda za ta rubuta abin da aka ce. "Ranka ya daɗe, ba mun zo ƙin biya ba ne, mun zo mu san abin da doka ta ce mu biya da wanda za mu ba," ita ce jimlar da ta buɗe mana zama mafi amfani da muka taɓa yi. Kafin a tashi a nemi ranar da za a dawo jin amsa, a kuma dawo a ranar. Rusawa da sake gina kasuwanni da aka yi a garin nan daga 2020, har da Kasuwar Barci, ya nuna muhimmancin rubutaccen sunan kowace mace da wurin da take zama, domin masu tebur da masu baza kaya a ƙasa su ne waɗanda ba su da takardar da za su nuna idan ana rabon wuri.

Rance ga mambobi ya jira har asusu ya yi ƙarfi, kuma a fara da kaɗan, na wata ɗaya ko biyu, da mambobi biyu da za su tsaya wa mai karɓa. Da yake yawancinmu muna guje wa kuɗin ruwa, hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce ƙungiya ta sayi kayan da mace ke buƙata, gyada ko yadi ko keken ɗinki, ta sayar mata bashi da ribar da aka sani tun farko wadda ba ta ƙaruwa idan an yi jinkiri. Shugabanni su zama na ƙarshe a layin karɓa.

Ciwo shi ne babban abin da ke cinye jarin mace, saboda haka da zarar ƙungiya ta zauna, a aika wakilai ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, su ji kuɗin shekara na masu sana'ar kansu da asibitocin da ke karɓa, a duba ko za a riƙa tara kuɗin kaɗan-kaɗan cikin zubi. Haka kuma tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin ajiyar tsufa ga masu zaman kansu. Akwai kuma abin da mata ba su cika faɗa a taro ba, wato cin zarafi a tasha ko a kasuwa ko a gidan da ake aikatau. Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniya ta 190 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan hana cin zarafi a wurin aiki a 2022, wadda ta shafi har masu aikin da ba na ofis ba. A ware dattijuwa biyu masu riƙe sirri waɗanda mace za ta iya samu ita kaɗai, su raka ta inda ya dace. Masu aikatau da wankau sun fi kowa wuyar haɗawa, domin kowacce tana bayan katangar wani gida ita kaɗai, sai dai a same su a unguwannin da suke kwana, a ranar da suke hutu.

Da sunanku ya fara fita, baƙi za su zo. Wani zai zo da fom ya ce a biya dubu biyu-biyu za a kawo bashin gwamnati. Mun taɓa biya, ba mu sake ganin mutumin ba. Duk shirin tallafi na gaskiya, kamar asusun KADSWEF na mata da gwamnatin jiha ta kafa, yana da ofishin da za a je a tambaya, kuma kada a ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin katin mambobi. Lokacin zaɓe 'yan siyasa za su zo da atamfa da shinkafa. Kowace mace tana da 'yancin zaɓen wanda take so, amma ƙungiya kada ta ɗauki tuta, domin mambobinku ba jam'iyya ɗaya suke ba, kuma wanda ya ci zaɓe zai tuna inda kuka tsaya. Abin da ya fi shi ne a miƙa wa kowane ɗan takara rubutacciyar buƙata iri ɗaya. Haɗin da ke da amfani shi ne da ƙungiyoyi irin taku a wasu unguwanni, sannan da manyan inuwoyi kamar FIWON, tarayyar ƙungiyoyin masu sana'ar kansu ta Najeriya da aka ƙaddamar a 2010, amma a aika wakilai biyu ana sauya su, su dawo su ba da rahoto a gaban kowa tare da lissafin kuɗin mota.

A ƙarshen kowace shekara a yi babban zama guda ɗaya wanda ba a haɗa shi da walima ko rabon anko. A zaɓi mambobi biyu da ba sa cikin shugabanni su ɗauki mako ɗaya suna gwada babban littafi da katunan mambobi da takardar banki, sannan a karanto abin da ya shiga da abin da ya fita da bashin da ke waje, a faɗa wa kowace mace adadin ajiyarta. Idan akwai riba daga sari, a raba wani kaso gwargwadon sayen da kowacce ta yi, a bar sauran a asusu. Idan wa'adin shugabanni ya cika, a yi zaɓe a ranar, a miƙa littattafai da hatimi a gaban jama'a, kuma cikin makon a je banki a sauya masu sa hannu.